Katin da Aka Naɗe Tsire da Shi

Aikin gwamnati na farko da na yi a duniya shi ne rubuta kati a wani ɗan ɗakin shan magani, a wani gari da ke tsakanin Gaya da Ajingi. Ba zan faɗi sunan garin ba, don har yanzu akwai tsofaffin da in sun gan ni za su tuna. Lokacin ana kashe sule da sisi, naira ba ta iso ba tukuna. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, da farar riga guda ɗaya, da alƙalami biyu a aljihun gaba. Ɗayan ma ba ya rubutu, don ado nake soka shi.

Mu biyu ne ma'aikatan wurin. Akwai malamin asibiti, wanda duk garin ke kira Likita, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba. Shi ke duba mutum ya ba shi ƙwaya, ko ya tsiyaya masa ruwan magani a kwalbar da ya zo da ita daga gida. Ni kuma ina bakin ƙofa da ɗan teburina. Duk wanda ya zo sai ya tsaya a gabana in tambaye shi sunansa, da sunan ubansa, da unguwarsu, da sana'arsa, in Likita ya gama dubawa kuma in rubuta ciwon da aka samu. Da Turanci aka buga katin, amma ni da Hausa nake cikewa, don Turancina a lokacin bai wuce na gaisuwa ba.

Rubutuna kuwa yana da kyau, wannan ko maƙiyina ya sani. Manyan baƙaƙe nake yi, a rarrabe, kowanne a tsaye da ƙafarsa. Likita in ya zo ƙara nasa bayanin a ƙasan katin, sai ka rantse kaza ce ta taka tawada ta bi ta kai. Shi kansa bayan kwana biyu sai ya yi ta karkata takardar yana tsaki. Na sha yi masa dariya a zuci, ban san rubutunsa ya fi nawa riƙon amana ba.

Mutane kuma gaya mana suke yi. Manomi zai taso tun daga Kademi a kan jaki, ya sunkuyo ya rage murya ya faɗi abin da matarsa ba ta sani ba. Bafillatana za ta ajiye ƙwaryar nononta a waje, ta rufe rabin fuska da gyale, ta faɗi nata da ƙyar. Su suna raɗa, ni ina rubutawa da manyan baƙaƙe.

Doka akwai, kada wani ya ce babu. Wata rana motar da ke kawo mana magani daga Kano ta zo da takardar umarni, Likita ya karanta ya fassara mini. Abin da ta ƙunsa shi ne, duk abin da mara lafiya ya faɗa amana ce a wuyan hukuma, ba a nuna wa kowa ko da dagaci ne. A ajiye katuna a kabad a kulle, waɗanda suka tsufa kuma a ƙone su. Har kabad ɗin aka aiko mana, na ƙarfe, kore shar, mutum huɗu suka shigo da shi suna nishi. Ya zo a kulle. Makullin ne kawai aka manta a Kano. Mun rubuta takardar neman makulli har muka gaji, amsa ɗaya ba ta zo ba. Haka kabad ya zauna a kusurwa, a garƙame, ba komai a cikinsa, muka riƙa ɗora butar alwala a kansa. Katunan kuwa suna cikin tsofaffin kwalayen magani a ƙarƙashin teburina, su da ɓeraye.

Batun ƙonawa ma ba wanda ya ɗauke shi da gaske. A ƙone takarda? A garin da mai gishiri ke yaga shafi ɗaya gida huɗu? Takarda a lokacin dukiya ce. Mai sukari yana so, mai ƙosai tana so, mai tsire yana so. Likita ya ce wanda ya rubuta wannan doka bai taɓa zuwa kasuwa da kansa ba, aikensa ake yi wa.

Sannan mun yarda da wani abu, mu duka biyu, har cikin zuciya: rubutun boko shi kansa kwaɗo ne. A duk garin, masu iya karanta shi ba su fi a ƙirga da yatsu ba, ni da Likita da malaman firamare da wani tsohon soja. Sauran in ka miƙa musu takarda sai su riƙe ta kai a ƙasa, su yi maka godiya. Da rubutun Larabci ne, wannan magana daban ce. In aka ga takarda mai shi a ƙasa, ɗauka ake yi a kaɗe a soke a jikin danga, kada a taka sunan Allah. Boko kuwa ba shi da wannan alfarmar. Da shi ake hura wuta.

Saboda haka na riƙa bayarwa. Ni, da hannuna. Ba sayarwa nake yi ba, kada a yi mini ƙazafi. Kyauta nake yi, sai dai irin kyautar nan ce da takan dawo da yamma da ƙosai mai zafi a cikinta.

Cikin masu karɓar takarda akwai wani mahauci, dattijo sa'an mahaifina, mai tukuba a gindin tsamiya a bakin kasuwa. Tsirensa ya yi suna. Mutanen ƙauyen Balan sukan tako keke ranar kasuwa, su ce sun zo sayen igiya, amma a gindin tsamiyar nan za ka same su. Mutum ne mai tsafta har ta yi yawa, yana wanke hannu kamar mai shirin salla, wuƙarsa kullum tana ƙyalli. Baba nake ce masa, shi kuma yana ce mini Malam ƙarami.

Ni da shi da Likita muna da wata magana da ba mai ita sai mu uku. A shekarata ta farko a wurin, ya zo wata rana da hantsi, da damina, lokacin da kowa yana gona. Ta ƙofar baya ya shigo. Ya ɗaga rigarsa ya nuna wa Likita wani tabo a gadon bayansa, fari-fari, faɗinsa kamar tafin hannu. Likita ya soka masa allura a wurin, bai ji komai ba. Sai Likita ya dube ni ya ce in rubuta. Na rubuta sunansa, da na ubansa, da unguwarsu. Sana'a, mahauci. Ciwo, kuturta.

Baba ya tsaya yana kallon alƙalamin yana tafiya. Ya ce, “Malam ƙarami, abin nan da ka rubuta, wa zai gani?”

Na ce, “Ba kowa, Baba. Gwamnati ce kawai.”

Ya ce, “To, da sauƙi. Gwamnati ba ta cin tsirena.”

Ya san abin da yake faɗa. A garinmu manomi zai iya wannan ciwo ya ci gaba da nomansa, masaƙi ma haka. Amma mutumin da ke taɓa abin da za a kai baki, in sunan ciwon nan ya hau kansa, sana'arsa ta ƙare, ko da kuwa fatarsa ta fi ta jariri laushi. Da tukubar nan yake ciyar da gida mai mutum goma sha wani abu, kuma gonarsa ba ta kai ta riƙe su rabin shekara ba.

Ya sha magani shekara uku bai yi fashin mako ɗaya ba. Kullum ta ƙofar baya, kullum da hantsi. Tabon ya ɓace, ko farcensa bai taɓu ba. Ranar da Likita ya sallame shi, ya karɓi katin ya yi zanen kazarsa a ƙasa da Turanci, wai ya warke sarai, ba sauran komai. Baba ya yi ta sa mana albarka har ya ba ni kunya. Ni kuma na ɗauki katin na jefa a kwalin tsofaffi.

Abin da bai taɓa zo mana a rai ba shi ne, gwamnatin da ta ce a kulle kati, ita ce kuma ta buɗe ajin yaƙi da jahilci a zauren dagaci. Magidanta masu gemu suka riƙa zama bayan la'asar suna bin malami, baƙi da wasali, suna rera su kamar masu yabon amarya. Kafin shekara ta zagayo garin ya cika da sababbin makaranta. Sabon mai karatu kuwa fitina ne. Ba ya barin jikin mota, ba ya barin gwangwanin madara, ba ya barin buhun taki. Wanda ya fi kowa tsanani wani tela ne mai rumfa a tsakiyar kasuwa, mai murya irin ta masu shela. Bai iya karatu a zuci ba. Sai ya ɗora yatsa, ya buɗe maƙogwaro, ya bi kalma gaɓa-gaɓa, duk wanda ke kusa ya ji ko yana so ko ba ya so.

An ma yi mini gargaɗi, ban ji ba. Wata ranar kasuwa telan nan ya sayi ƙosai, ya karanta wa 'yan rumfarsa cewa wani mai unguwa yana fama da basur. Aka yi ta dariya har da riƙe ciki, aka ce shi ya sa yake zama a karkace wurin shari'ar gona. Labarin ya iso mini, ni ma na yi dariyata. Daga baya da na sake tunani, na ce gobe zan zauna in tsince katunan da bai kamata su fita ba. Goben nan ta yi mako biyu ba ta zo ba.

Ranar da abin ya faru, da safe Baba ya biyo ta wurinmu ya ce takardarsa ta ƙare. Layi ya yi tsawo, ina ta fama, sai na zura hannu ƙarƙashin tebur na damƙo ƙunshi guda na miƙa masa ban ko duba ba. Bayan azahar na tafi gindin tsamiya karɓar ladana. Ina zaune a benci ina ci, wurin a cike, hayaƙi yana tashi, sai ga tela. Ya sayi tsinke biyu, Baba ya zare masa naman a kan kati, ya barbaɗa yaji, ya naɗe ya miƙa masa. Tela ya cinye, ya lashe yatsu, ya shimfiɗa katin a gwiwarsa ya kaɗe ƙuli-ƙulin da ya maƙale. Sannan ya ɗora yatsa.

Sunan Baba ya fara fitowa, gaɓa-gaɓa. Baba ya juyo daga wuta yana murmushi, ya ce, “Kai, har sunana ya shiga boko?” Aka yi dariya. Tela ya ji daɗi, ya ƙara murya, ya karanto sunan uban. Baba ya ce, “Allah ya jiƙansa, shi ne.” Ya karanto unguwa, ya karanto mahauci. Wani daga baya ya ce, “Ashe dai telan nan ya iya!”

Sai a lokacin na gane katin da ke gwiwarsa. Na zabura, nama a bakina, benci ya kife da wanda ke ɗaya gefen. Taku huɗu ne tsakanina da tela. Rubutuna bai ba shi wahalar da za ta kai taku huɗu ba.

Ya faɗe ta, gaɓa uku, da dukan muryarsa. Sai da ta fita daga bakinsa sannan ya ji abin da ya ce.

Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai kitse yana ɗiga a wuta. Wani mutumin Gafasa da ya kai tsoka bakinsa ya sauke hannu a hankali. Ba wanda ya zagi Baba, ba wanda ya tofar da yawu. Mutanen garinmu suna da kunya. Wannan ya tuna ya bar jakinsa a rana, wancan ya tuna ana jiransa a rumfar hatsi. Suka riƙa ajiye abin da ke hannunsu a kan benci suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, har da sallama.

Na ƙwace katin ina ihu. “Ya warke! Wallahi ya warke tuntuni! Ga shi nan a ƙasa, Likita ya rubuta!” Na cusa wa tela a fuska na ce ya karanta. Bawan Allah ya ɗora yatsa a kan zanen Likita wanda mai ya riga ya jiƙe, ya duba, ya sake dubawa. Ya ce, “Malam, wannan ai ba rubutu ba ne.”

Baba ya karɓi katin daga hannuna, ya ninke shi biyu ya sa a aljihu, ya koma yana juya tsinkunan da ba mai saye.

Mun yi iya yinmu, ko da yake iya yin namu abin dariya ne. Kasuwa ta gaba Likita ya sa farar rigarsa ta aiki, ya tsaya a gindin tsamiya ya yi rantsuwa cewa mutumin nan lafiyarsa ƙalau, ya ci tsinke biyar a tsaye a gaban jama'a. Mutane suka ce ai shi Likita ne, ya yi wa kansa allura kafin ya fito. Ni kuma duk ranar kasuwa ina kan bencin nan ni kaɗai, ina ci har haƙorana su gaji. Suka ce ai dole in ci, ni na jawo. Tela ya daina zuwa ajin yaƙi da jahilci, ya ce karatun da zai raba mutum da abincinsa ya yafe shi. Baba ya koma yanka akuya maimakon ya shiga rabon naman shanu, daga nan ya koma rabin akuya. Karnukan bakin kasuwa suka yi ƙiba a wannan watan.

Ana cikin haka babban ma'aikaci ya zo daga Kano duba aiki. Na kwana biyu ina shirya abin da zan faɗa, don na ƙudura zan tona kaina, a kore ni in huta. Mutumin ya shigo da takalmi mai ƙara, ya nufi kabad kai tsaye, ya sauke butar alwala, ya kama hannun ƙofar ya girgiza da ƙarfi. Ko motsi ba ta yi ba. Ya gyaɗa kai ya rubuta a littafinsa, ya ce a duk wuraren da ya zaga bai ga inda ake tsare sirrin marasa lafiya kamar nan ba. Na buɗe baki, Likita ya taka mini ƙafa. Aka ba baƙo fura ya sha, ya hau motarsa. Ba a hukunta kowa ba, kuma wannan ya fi mini ciwo fiye da a ce an kore ni.

Sai da na yi wata guda kafin na iya zuwa gidan Baba. Na same shi a zaure da la'asar yana wasa wuƙar da ba abin da za ta yanka. Na durƙusa na gaishe shi, na fara jero ban haƙuri, hawaye suna zubo mini kamar ƙaramin yaro. Ya bar ni na gama. Sannan ya cire hularsa, ya zaro katin daga cikinta, duk ya yi baƙi da mai.

Ya nuna sama da bakin wuƙa. Ya ce, “Nan hannunka ne?”

Na ce, “Nawa ne, Baba.”

Ya nuna ƙasa. “Nan fa, me aka ce?”

Na ce, “An ce ka warke.”

Ya ce, “To, Malam ƙarami, ciwon ka rubuta shi yadda kowa zai gani. Warakar me ya hana ka rubuta ta da hannunka?”

Na zaro alƙalami, na fara kama wanda ba ya rubutu, na canja, na rubuta a ƙasan katin da baƙaƙe mafi girma da na taɓa yi: ya warke sarai. Baba ya karɓa ya hura tawadar. Ya juya katin gaba da baya, ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

Ya ce, “Ka san abin da ya fi damuna? Ni na naɗe naman da hannuna na miƙa masa. Da ka sa sunan Allah a saman takardar, da ko ni ban yarda mai ya taɓa ta ba.”

Washegari na zauna da kwalayen nan gaba ɗaya, na bi katunan ɗaya bayan ɗaya ina rubuta bisimilla da Larabci a saman kowanne. Sababbi ma haka, kafin in tambayi mutum sunansa sai na rubuta. Mai ƙosai da kanta ta dawo mini da ragowar ƙunshin da ke wurinta, wanda na bi har gida na yi wa rubutun, ta riƙo shi da hannu biyu tana istigfari. Daga ranar ba katin da ya sake fita kasuwa. Wanda iska ta ɗauka ma tsinto shi ake yi a kawo mana har tebur. Da wani ma'aikacin ya zo daga baya ya ce wannan ba ya cikin tsarin kati, Likita ya ce masa shi ne makullin da muka samu, in suna da wani su aiko. Na yi shekara talatin ina aikin gwamnati, a wurare da dama, ban taɓa buɗe takardar wani ban rubuta ba.

Amma duk wannan bai amfani Baba da komai ba. Shi abin da ya sa rai a kai katinsa ne. Kasuwar da ta biyo bayan zuwana gidansa ya yanka akuya sukutum, ya hura wuta tun hantsi, ya aika aka kira tela. Da ƙyar telan ya zo, kansa a ƙasa. Baba ya miƙa masa katin ya ce, “Kai ka fara, kai za ka ƙarasa. Da ƙarfi, yadda ka yi wancan.”

Tela ya hau kan benci, ya ɗora yatsa, ya karanta har sau uku, muryarsa tana kaiwa rumfar masu gishiri. Mutane suka taru suka saurara da kyau. Suka ce madalla. Suka ce Allah ya ƙara lafiya, Allah ya kiyaye gaba. Wasu har suka ɗaga masa hannu daga inda suke tsaye. Sannan suka wuce tukubar gaba suka sayi tsirensu.

Baba ya jira har la'asar sakaliya. Ya zare mini tsinke biyu a kan ganye, ya ƙi karɓar komai. Daga nan ya ɗauki tulun da yake wanke hannu, ya juye ruwan a kan wutar.